Jagora: Yadda Ake Zaman Sauƙaƙa Damuwar Tsofaffi a Karkarar Damagaram

A ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamai da Tanut, da zarar an gama girbi an zuba damman hatsi a rumbu, gari yakan koma na tsofaffi da mata da yara. Majiya ƙarfi sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Dattijon da a da ba a yanke maganar gona ko ta aure sai da shi, yanzu wuni yake a kan tabarma. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, abokan majalisarsa an kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. In an tambaye shi ba zai ce yana da ciwon damuwa ba. Cewa zai yi jikinsa ya mutu, ko kansa na zafi, ko barci ya ƙaurace masa, ko kuma "tunani ya yi mini yawa". Iyali su ce ai tsufa ne.

Tsufa ba ciwo ba ne. Damuwar da ta hana mutum ci da barci da shiga mutane kuwa ciwo ce, kuma tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken tsofaffi na Ibadan da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2007, ya gano kusan 7 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sun yi fama da matsananciyar damuwa a cikin shekarar da aka yi tambayar.

Wannan jagora ta ma'aikatan sa-kai na gari ce, da ma'aikatan ƙananan cibiyoyin lafiya, da malamai da shugabannin ƙungiyoyin mata. Ƙashin bayanta tsarin PM+ ne, tsarin taimakon mai damuwa ya shawo kan matsalolinsa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 bayan an gwada shi a Pakistan da Kenya: zama biyar, ɗaya kowane mako, a hannun wanda ba likita ba amma ya samu horo. A Zimbabuwe ma, tun 2006 Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci da masu damuwa har zama shida, aka kuma tabbatar da amfanin abin. Mu a nan mun rage tsawon zaman daga minti 90 zuwa tsakanin 45 da 60, don tsoho ba ya jure dogon zama, muka ƙara zama ɗaya na tarihin rayuwa, ya zama shida. Karanta jagora ba ya maye gurbin horo, kuma mai wannan aiki dole ya kasance akwai ma'aikacin lafiya na CSI, wato cibiyar lafiya ta yanki, da yake kai wa rahoto.

Jiki tukuna

Kuskure mafi muni shi ne a zauna ana ta hira da wanda asibiti yake buƙata a ranar. Abubuwa uku ne ke kama da juna a wurin tsoho, kuma saurin zuwansu ne ke bambanta su.

In rikicewar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, jiya lafiya lau, yau bai san inda yake ba, yana sambatu ko yana ta gyangyaɗi, abin kuma ya fi tsanani da dare, wannan na gaggawa ne. Yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko suga ya hau ko ya faɗi, ko kuwa ƙishirwa, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40 tsoho kuma ba ya jin ƙishi kamar yaro. A ɗora shi a amalanke ko kabu-kabu a kai shi CSI ranar.

In mantuwa ce da ta yi wata da watanni tana ƙaruwa a hankali, yana ɓata a hanyar masallacin da ya shekara hamsin yana bi, yana maimaita tambaya ɗaya, wannan gigin tsufa ne. Shi ma ma'aikacin lafiya zai duba, kuma aikin da ya fi yawa a nan da iyali ake yin sa. A gaya musu ƙarara cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Tsohuwar da ke fita da dare tana surutai ba mayya ba ce, kuma ɗaure ta ko kulle ta a ɗaki ƙara rikita ta yake yi.

Damuwa kuwa tana zuwa cikin makonni, sau da yawa bayan wani rashi. Mai ita yakan koka da mantuwa da bakinsa, in an yi masa tambaya ya ce "ban sani ba" ba tare da ya gwada ba. Mai gigin tsufa shi kuma yakan yi ƙoƙarin rufe mantuwarsa. Tambaya biyu ce mabuɗi: a makonni biyun nan, yawancin kwanaki zuciya a ɓace take? Abubuwan da a da ake jin daɗinsu, yanzu sun fita daga rai? In aka amsa e ga ko da ɗaya, sai a bi da tambayar barci, cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, da tunanin mutuwa.

Ko da damuwar ce, a fara da awo a CSI: hawan jini, suga, ƙarancin jini, rama, da kumburin maƙoshi. A duba ido da kunne. Tsofaffi da yawa sun daina zuwa majalisa ne kawai don ba sa jin abin da ake faɗa, suna jin kunyar cewa "me aka ce?" sau uku. Yanar ido ana aikinta, gashin ido mai sukar ƙwayar ido shi ma ana aikinsa. Sannan a ce a kawo duk magungunan da yake sha a gani da ido, har na ƴan tebur. Tramol da ƙwayoyin barci irin su diyazefam suna kawo jiri da faɗuwa da rikicewa, amma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, ma'aikacin lafiya ne zai tsara yadda za a rage.

Game da rashi: baƙin cikin wanda aka yi wa mutuwa a cikin wata shida ba ciwo ba ne a karan kansa. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ziyara take buƙata da abokiyar hira. Amma in ana cikin haka aka ji tana cewa ita ba ta da amfani, ko tana tunanin halaka kanta, ko magana da motsinta sun yi nauyi ƙwarai, ko kuma ta taɓa irin wannan ciwo a baya, to ba a jira wata shida.

Wa zai zauna da shi, a ina, da wane lokaci

Nan ne al'adarmu ke iya gyara aikin ko ta ɓata shi. Kada a ba suruki ko suruka, kada a ba ɗan fari. Kunyar da ke tsakaninsu ba za ta bar magana ta fito ba. Wanda ya fi dacewa shi ne mai matsayin jika amma mai hankali, don wasan jika da kaka yana buɗe ƙofar da ɗa ba zai iya taɓawa ba, ko kuma tsara wanda ake girmamawa. Mace ga mace, namiji ga namiji, shi ya fi sauƙi. Sharaɗi babba shi ne riƙon sirri. A ƙauye magana ɗaya in ta fita, ba wannan tsoho kaɗai aka rasa ba, duk tsofaffin garin sun rufe baki.

A sanar da maigari da mai gidan da tsohon ke zaune, amma izini na gaskiya a wurin tsohon yake. In ya ce a'a, a gaishe shi a tafi, a dawo bayan mako. Kada a kira abin da sunan da zai sa a ce an mai da shi mahaukaci. "Zaman shawara" ya isa.

Wuri: zaure, ko inuwar bedi ko tsamiya a bayan gida, inda ana hango ku amma ba a jin ku. Inuwar gawo tana da kyau da rani, da damina kuwa ba ganye. Lokaci: hantsi bayan an karya kumallo, ko bayan la'asar. A kauce wa ranar kasuwa da Juma'a da tsakar rana. A tsayar da rana ɗaya a mako, kada ta canza. Mai taimako ya zauna ƙasa daidai da tsohon, ta gefen kunnen da ya fi ji, fuskarsa cikin haske don a ga bakinsa. Ya yi magana a hankali da murya mai kauri, ban da ihu. Ya kashe salula. Abin da zai riƙe: ƙaramin littafi, alƙalami, da tsakuwa goma ko ƙwallon dabino goma.

Zama na farko: saurare, awo, numfashi

Gaisuwa ta cika, kada a gajarta ta. Daga nan sai a buɗe da tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a: "Baba, me ya fi damun ku a kwanakin nan?" ko "Inna, in dare ya yi kun kwanta, wane tunani ke fara zuwa?" Sannan a yi shiru. Tsoho yakan zagaya ta ciwon gwiwa da tsadar hatsi kafin ya iso ga ɗan da ya shekara uku bai aiko ba. Rabin zaman nan saurare ne. Lokaci-lokaci a mayar masa da maganarsa: "Wato abin da ya fi ci muku rai shi ne ba a shawara da ku." In ya ce "yauwa", an kama hanya.

Kalma ɗaya za a riƙe a baki a wannan zama: "ku yi haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma ya ji ta sau ɗari, kuma a kunnensa ma'anarta ita ce an gama sauraronsa. Haka nan kada a ce rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu sunanta shekarar baƙin ciki. Tunatar da tsoho wannan yakan sauke masa nauyin ganin cewa imaninsa ne ya yi rauni.

Awo da tsakuwa ake yi, tun da yawanci ba a karatun boko. A zube goma a gabansa: "In goma ita ce nauyin zuciya mafi tsanani, babu ko ɗaya kuma ita ce sakayau, a makon nan nawa za ku ɗauka?" A yi haka sau uku, na nauyin zuciya, na rashin barci, da na kasa yin ayyukan yau da kullum. A rubuta lambobin. Da wannan awo za a buɗe kowane zama.

Sai tambayar da kowa ke gudu, wadda kuma ba a tsallake ta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. A bi ta hawa-hawa: "Akwai lokacin da kuke jin gara a ce ba ku a duniya?" In ya ce e: "Kun taɓa tunanin yi wa kanku wani abu?" In ya ce e: "Kun yi tunanin ta wace hanya? Kun taɓa gwadawa?" Tsohon da ya ce ya ƙosa Allah ya ɗauki ransa daban, wanda ya tanadi hanya daban. Na biyun ba a barin sa shi kaɗai ko na awa ɗaya. A gaya masa cewa wannan ba sirrin da za a riƙe ba ne, a kira wanda ya amince da shi a gidan, a kwashe maganin ƙwari na gona da maganin ɓera da igiya da tarin ƙwayoyi, a kai shi CSI ranar, su kuma su tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin Zinder in da hali.

Minti goma na ƙarshe na numfashi ne. Ya zauna ya jingina, ya saki kafaɗu, hannu ɗaya a ciki. Ya shaƙa ta hanci ana ƙirga uku a hankali har cikin ya taso, ya fitar ta baki ana ƙirga uku. Wannan yana ba da numfashi wajen goma a minti ɗaya. A yi minti biyu tare, a huta, a sake. Abin da ke ɓaci: yakan ja iska da ƙarfi da sauri, sai jiri ya kama shi. Maganinsa a rage zurfin shaƙa, a tsawaita fitarwa. Mai tari ko asma kada a matsa masa ƙirga, ya dai sassauta fitar da iska. A ɗaura aikin a jikin abin da ba ya mantawa: minti biyar bayan sallar asuba, minti biyar bayan lisha, yana iya haɗawa da tasbihinsa.

Zama na biyu: matsala ɗaya tak

Mai damuwa yana ganin matsalolinsa a dunƙule kamar dutse ɗaya. Aikin wannan zama shi ne farfasa dutsen. A sa ya lissafo su, kowace a ajiye mata tsakuwa. Sannan a raba gida biyu: waɗanda hannu ke iya kai wa, da waɗanda ba ya kai wa. Mutuwar mata, ƙarancin ruwan sama, tsufa kansa, suna gefe guda, numfashi da addu'a da zama na huɗu ne nasu. Daga ɗaya gefen ya zaɓi ɗaya, kuma a ja shi ga ƙarama. Wanda ya fara da rikicin gadon gona na shekara ashirin zai kasa, kasawar kuma ta tabbatar masa da abin da zuciyarsa ke faɗa masa.

Sai a tsuke matsalar har ta zama abin da ake iya kamawa. "Ƴaƴana sun yashe ni" ba ta kamuwa. "Wata biyu ban ji muryar ɗana da ke Agadas ba" tana kamuwa. "Talauci" ba ta kamuwa. "Maganin hawan jini ya ƙare, ba ni da kuɗin kabu-kabu zuwa CSI" tana kamuwa.

Daga nan a nemi hanyoyi, aƙalla biyar, ba tare da an tace ba tukuna. A nan masu taimako suka fi faɗuwa, don bakinsu na ƙaiƙayin ba da shawara. Shawarar da ta fito daga bakin tsoho ita yake aikatawa. In ya ce ba shi da dabara, a juya tambayar: "Da wani ne ya zo muku da wannan a lokacin da kuke sasanta mutane, me za ku ce masa?" Mutumin da ya shekara arba'in yana ba da shawara ba ya rasa amsar wannan. Ya zaɓi hanya ɗaya ko biyu, a mai da su shiri mai rana da lokaci da sunan mutum: ranar Laraba bayan magariba, jikarsa za ta ari salular maƙwabci, ita za ta danna lambar, shi zai yi magana. A tambayi abin da zai iya hanawa, caji ko kuɗin kira ko rashin layi, a tanadi mafita tun yanzu. Tun da ba rubutu, ya maimaita shirin da bakinsa, a ƙulla ƙulli a bakin rawani ko gefen zane don tuni.

Mako mai zuwa, bayan awon tsakuwa, da wannan za a fara. In an yi, a nuna masa cewa shi ya yi. In ba a yi ba, ban da faɗa. Yawanci matakin ne ya yi girma, sai a rage shi.

Wata matsala ba ta shiga wannan tsari: in ana dukansa, ko ana hana shi abinci, ko an ƙwace masa gona ko kuɗin da ake aiko masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan tsoho ɗaya cikin shida na fuskantar wani nau'in cin zarafi. Kada mai taimako ya tunkari mai laifin shi kaɗai, tsohon ne zai kwana da sakamakon. A kai maganar ga ma'aikacin lafiya, tare da yardar tsohon a nemi maigari ko liman.

Zama na uku: tayar da jiki

Damuwa tana kawo kasala, kasala ta sa a bar aiki da mutane, barin su kuma ya ƙara damuwa. Mai ita yana jiran ranar da zai ji ƙarfi sannan ya tashi, ranar kuwa ba ta zuwa, don ƙarfin bayan motsi yake biyowa. A bayyana masa haka da misalin rijiya: wadda ake ja ita ke tsatsafo da ruwa.

A zaɓi abu biyu, ɗaya na jin daɗi, ɗaya na amfani. Na jin daɗi: dara a majalisa, sauraron tafsiri a rediyo tare da maƙwabci, tatsuniya ga jikoki, kitso ko lalle. Na amfani: tufkar igiya, saƙar tabarma ko faifai, ɓarar gyaɗa, ba akuya dusa, zaɓen irin shuka, biya wa yara allo, nuna wa matasa tohon gawo da za a bari a gona lokacin sassabe. Na amfanin ya fi nauyi a wurin tsohon karkara, don abin da ya fi ci masa rai shi ne zama mai ci kawai. Saboda haka a yi magana da iyali. Cikin ƙauna suke cewa "Baba ku huta, an gama muku", suna karɓe masa aikin ƙarshe da ya rage a hannunsa. A roƙe su su mayar masa da abu ɗaya da zai zama nasa, su kuma riƙa tambayarsa a kai.

A yanka aikin ƙanana. Tsohuwar da ta bar saƙa shekara guda, ranar farko kabar kawai za a kawo a jiƙa. Rana ta biyu saƙar minti goma. Tafiya ma haka: minti goma da hantsi ko bayan la'asar, da sanda da takalmi mai kama ƙafa, a ƙara minti biyar kowane mako har a kai rabin awa. In ƙirji ya yi zafi ko numfashi ya sarƙe, a tsaya a kai shi awo.

Barci a nan ake gyara shi. Shayi da goro su tsaya daga la'asar. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Ya sha hantsi kowace safiya. Ruwa ya yawaita da rana, ya ragu bayan magariba. Namijin da fitsari ke tayarwa sau huɗu ko biyar a dare, ko yake fita da ƙyar, awo yake buƙata. A kuma gaya masa cewa barcin tsoho dama ya fi na yaro sauƙin katsewa, don kada farkawa ɗaya ta zame masa abin tsoro.

Zama na huɗu: tarihin rayuwa

Likitan tsofaffi ɗan Amurka Robert Butler ne ya nuna a 1963 cewa waiwayen da tsoho ke yi aiki ne da zuciya ke buƙata, ba surutun banza ba. Bambancin wannan zama da hirar da aka saba shi ne ana bin sa da tsari: ƙuruciya, aure da haihuwa, shekarun ƙarfi, sannan yanzu. Mai shekara 70 zuwa sama a Damagaram ya ga zamanin cinikin gyaɗa, ya ga mulkin Jori Hamani da juyin mulkin Kunce a 1974, ya ga samariya, ya tsallake farin 1973 da yunwar 1984 da ta 2005. Tambayar da ke aiki ba "me ya faru?" ba ce kaɗai. Ita ce: "Yaya kuka yi kuka fitar da iyali a shekarar nan? Wa ya taimake ku? Wa kuka taimaka?" Amsar ita ce shaidar da za a ajiye masa a gaba duk ranar da ya ce shi ba kowa ba ne. A riƙe kalmominsa a mayar masa: "Wanda ya taka har Kano ya dawo da hatsi a kai, shi ne ke zaune a nan."

Hawaye in sun zo a bar su, kada a yi saurin share su da magana. In nadama ta fito, ɗan'uwan da aka yi gaba da shi, ko haƙƙin wani da ke wuya, a mai da ita matsalar da hannu ke kai wa: aike, neman gafara, sadaka ga wanda ya rasu. Amma in wani tuni ya sa jikinsa rawa, ko ya ce abin na dawo masa a mafarki kamar yanzu ake yi, kada a tona. A koma numfashi, a rufe zaman a kan abu mai daɗi, a sanar da ma'aikacin lafiya. Ko da yaushe a bar minti goma na ƙarshe don dawowa yau, kada a tashi a bar shi a cikin 1984.

Zama na biyar da na shida

Na biyar na mutane ne. Da tsakuwa za a zana: shi a tsakiya, na kusa a kusa, na nesa a nesa. A tambayi wa yake iya gaya wa damuwarsa, wa ke taimakonsa da aiki, wa rabonsa da shi ya daɗe. Ya zaɓi mutum ɗaya da zai nema a makon, da taro ɗaya da zai koma: sahun masallaci, majalisa, suna ko ɗaurin aure, adashi, ko taron Mata Masu Dubara inda akwai shi. Abin da ke hanawa yawanci "kada in zama kaya" ne. A tambaye shi yadda yakan ji in wani ya zo neman taimakonsa. In kunyar buɗe baki ce, a gwada maganar a nan, mai taimako ya zama maƙwabcin, tsohon ya faɗi abin da zai faɗa. In tsofaffi uku ko huɗu sun gama zamansu a gari ɗaya, a haɗa su majalisar mako-mako, maza daban mata daban.

Tun a zama na huɗu ake sanar da cewa saura biyu, don kada rufewa ta zame masa wani rashin. A na shida a jera masa lambobin tsakuwa daga makon farko ya ga tafiyar da idonsa. Ya faɗi da bakinsa dabarar da ta fi yi masa aiki, da alamun da zai gane in abin na dawowa, da wanda zai fara gaya wa. A yi maganar lokutan da aka san suna da nauyi: watan da matasa ke tafiya, tsakiyar damina da rumbu ke yin ƙasa, da zagayowar ranar rashi.

In an kai zama na uku ko na huɗu tsakuwa ba ta ragu ba, ko ta ƙaru, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, a mayar da shi CSI. Wataƙila ana buƙatar ƙwaya tare da zaman. Ma'aikacin lafiya ne ke rubuta ta, kuma a gaya masa in tsohon ya taɓa yin kwanaki ba barci yana ta zuba da ɓarnar kuɗi, don wannan na canza maganin. Iyali su san cewa maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ana ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an samu sauƙi. Amitiriftilin, wanda ya fi samuwa, yana iya kawo wa tsoho jiri da riƙewar fitsari da rikicewa, shi ya sa ake kauce masa in akwai wani, in kuwa an ba shi a sa ido a kan faɗuwa, musamman tashin dare.

Bayan rufewa, mai taimako ya koma ziyara bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku, da tsakuwarsa goma a aljihu. In lambar ta haura da uku ko fiye a kan ta zaman ƙarshe, a sake zama biyu a kan dabarar da ta fi yi masa aiki, a kuma sanar da CSI a makon.